Famfon Taya Na Tafi-Da-Gidanka: Abin Da Mai Mota Zai Duba Kafin Ya Biya Kuɗi

Duk ma'aikacin da ke kwana a Masaka, Mararaba ko Nyanya, yake kuma aiki a Sakatariyar Gwamnatin Tarayya, ya san cewa minti goma na asuba sun fi awa guda ta hantsi daraja. Wanda ya tayar da mota ƙarfe shida saura zai iya wuce Kugbo kafin hanya ta cushe. Wanda ya ɗan makara kuwa, sai ya yi ta bin bayan motar gabansa taku-taku har rana ta take. A irin wannan lokaci ne mutum kan fito da jaka a hannu, ya tarar tayar baya ta yi laushi, ba ta sace gaba ɗaya ba, ba ta kuma tsaya daidai ba. Mai facin bakin layi bai fito ba tukuna. Ko dai ya tuɓe babbar riga ya ɗauko jak ya ɗaura safaya, ko kuwa ya ce a lallaɓa a haka, in an shiga gari a ba ta iska. Akasarin mutane na biyun suke zaɓa, kuma tun daga wannan tafiya tayar take fara lalacewa daga ciki, mai ita bai sani ba.

Wannan ne ya sa ɗan ƙaramin famfon lantarki da ake ajiyewa a but ya fara samun kasuwa a Abuja. Ana ganinsa a shagunan kayan mota na Apo da Zuba, a manyan kantuna, da shafukan sayayya na intanet. Wani girmansa bai wuce kwalin sukari ba, wani kuma sai an riƙe shi da hannu biyu. Kwalayensu duk cike suke da manyan lambobi da alkawura, kuma mafi yawan masu saye lambar da ba ta da amfani suke kallo, su bar wadda ta kamata.

Dalilin da ya sa batun ya wuce kayan ƙawa

Tun da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta fito da tsarin mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi a 2003, yawancin ma'aikatan tarayya motar kansu suke hawa, kuma aljihunsu ne ke ɗaukar ɗawainiyarta. Taya kuwa ba ta cikin abubuwan da suke da sauƙi. Kamfanin Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Legas a 2008, saboda haka tayar da ake sayarwa a kasuwa daga waje ake shigo da ita, farashinta kuma yana tafiya ne da dala. Wanda ya kashe taya huɗu kafin lokacinsu ya san abin da hakan yake yi wa albashin wata.

Akwai kuma batun mai. Tun bayan cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, masu tallan famfon sun riƙa kafa hujja da cewa yana rage shan mai. Maganar gaskiya ce, amma an cika mata gishiri. Lissafin Ma'aikatar Makamashi ta Amurka shi ne, duk lokacin da matsakaicin iskar tayoyin mota ya ragu da PSI ɗaya, shan mai yana ƙaruwa da kimanin kashi 0.2 cikin ɗari. Ke nan motar da tayoyinta suka yi ƙasa da PSI 6 tana asarar kusan kashi 1.2 cikin ɗari. Ga mai shan lita 200 a wata, abin bai kai lita biyu da rabi ba. Kuɗi ne, amma ba shi ne babban dalilin sayen famfo ba.

Babban dalilin shi ne rai. Tayar da ba ta da isasshiyar iska, gefenta yana lanƙwasawa yana miƙewa a kowane juyi, wannan motsi kuma zafi yake haifarwa. Idan aka haɗa da gudu, da lodi, da kwaltar da ranar watan Maris ta gasa, sai robar ta fara rabuwa da wayoyin da ke cikinta, har ta kai ga fashewa. Mazauna Abuja ba su manta da ranar 6 ga Maris, 2016 ba, lokacin da Ƙaramin Ministan Ƙwadago, James Ocholi, da matarsa da ɗansa suka rasu a hanyar Kaduna zuwa Abuja, a haɗarin da rahoton Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ya danganta da fashewar taya da gudu. Bayan wannan ne hukumar ta tsananta wayar da kai kan tayoyi, tana jaddada cewa wa'adin taya shekara huɗu ne daga ranar da aka ƙera ta. Abubuwan da ke fasa taya suna da yawa: tsufa, ramin hanya, lodi fiye da kima, da iskar da ba daidai ba. A cikinsu, iska ce kaɗai mai mota zai iya gyarawa da hannunsa a ƙofar gida cikin minti biyar.

Lambar da ake bi

Famfo ba ya amfanar wanda bai san iska nawa tayarsa take buƙata ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne karanta lambar da ke jikin taya, inda akan ga 44 ko 51. Wannan iyakar abin da tayar za ta iya ɗauka ne, ba abin da motar take so ba. Lambar gaskiya tana kan wata 'yar takarda da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar direba, a wasu motocin Turai kuma a bayan murfin tankin mai. Ga yawancin ƙananan motoci, tsakanin PSI 30 ne da 35, wani lokaci gaba da baya sun bambanta, wani lokaci kuma akwai lamba ta dabam idan an cika motar da mutane da kaya, kamar tafiyar hutun Sallah ko Kirsimeti. Wasu motocin da ma'aunin bar suke zuwa. Bar ɗaya daidai yake da PSI 14.5, don haka bar 2.2 shi ne kusan PSI 32.

Ana auna iska ne taya tana da sanyi, wato kafin a fita da safe, ko bayan motar ta huta awa uku. Tafiya tana ɗaga ma'auni da PSI uku zuwa biyar, kuma wannan ba laifi ba ne. Direban da ya tsaya a Tafa ko Jere ya ga geji ya hau, ya sauke iskar don tsoron fashewa, ya jawo wa kansa abin da yake gudu. Yanayi ma yana da nasa tasiri: duk sauyin digiri biyar zuwa shida a ma'aunin Salshiyas yana motsa iskar da kusan PSI ɗaya, shi ya sa fitilar gargaɗin taya kan kama da asubar hunturu a motocin da aka shigo da su daga Amurka, inda doka ta wajabta sa wannan na'ura a sababbin motoci tun 2007. Sai dai fitilar ba ta kamawa sai iskar ta ragu da kusan kashi ɗaya bisa huɗu. Ko lafiyayyar taya ma tana rasa kimanin PSI ɗaya a wata ba tare da ƙusa ta taɓa ta ba.

A nan ne mai faci yake shigowa. Ba a raina sana'arsa, domin ba wani famfo da zai cire ƙusa ko ya ɗaura taya a kan rim. Amma gejin da ya shekara yana faɗuwa a ƙasa cikin ƙura ba abin dogaro ba ne, wasu ma da bugun sifana suke gane ko taya ta ƙoshi. Da yawa kuma sun ɗauka tayar da ta yi tauri kamar dutse ita ce mai kyau, sai su ɗura mata 45 ko 50. Tayar da iska ta yi wa yawa tsakiyarta ke cinyewa, riƙonta da kwalta yana raguwa, birki kuma yana ƙara tsawo, musamman a farkon damina lokacin da ruwa ya haɗu da maiƙon hanya.

Iri uku da ke kasuwa

Na farko shi ne wanda ake jonawa a soket ɗin kunna sigari na cikin mota, wanda yanzu aka fi sani da wurin cajin waya. Shi ne ya fi dacewa da mai Corolla, Camry, Accord ko Golf. Ba ya buƙatar caji, muddin mota tana da batir zai yi aiki, kuma zai iya shekara a but bai lalace ba.

Na biyu shi ne babba mai silinda biyu, wanda ake maƙala wayoyinsa kai-tsaye a kan batir. Ya fi nauyi, ya fi tsada, amma shi ne na masu Hilux, Prado da Land Cruiser. Bambancin a girman taya yake. Taya mai lamba 195/65 R15, irin ta Corolla, cikinta kusan lita 30 ne. Mai lamba 265/65 R17, irin ta Prado, ta ninka haka har da ɗoriya. Hadimin da aka ɗora wa kula da motocin ayarin maigida, idan ya sayo ƙaramin famfo don irin waɗannan tayoyi, zai tsaya a gefen hanya yana kallon agogo, famfon yana kuka yana zafi, tayar kuma ba ta tashi ba.

Na uku shi ne mai batir a jikinsa, marar waya, wanda kamfanoni irin su Xiaomi suka yayata. Yana da kyan gani, yana shiga aljihun jaka, kuma ba shi da na biyu wajen keke, babur da ƙara 'yar iska kaɗan a mota. Rauninsa biyu ne. Cajinsa ba ya wuce taya ɗaya ko biyu idan daga sifili za a fara, sannan batirin litiyom ba ya shiri da zafi. Motar da aka ajiye a filin Sakatariya daga safe zuwa la'asar, zafin cikinta kan haura digiri 60. Batirin da ke kwana yana wuni a irin wannan wuri yana saurin mutuwa, wani ma ya kumbura. Wanda ya zaɓi wannan iri, gara ya riƙa shiga da shi ofis ko gida, ya kuma tuna da cajinsa, abin da ba kowa ke iyawa ba.

Abin da kwali yake faɗa, da abin da yake ɓoyewa

Lambar da aka fi rubutawa da manyan baƙaƙe ita ce 150 PSI, wasu har 250 ko 300. Ba motar gida da take buƙatar ko rabin 150. Wannan lamba tana nuna iyakar matsin da famfon zai iya kaiwa ne, ba saurinsa ba. Hasali ma, ƙaramin famfon roba mai araha da aka rubuta wa 300 yakan zama mai ɗan mitsitsin fistin, yana tura iska kaɗan-kaɗan kamar mai hura wuta da tsinken kara.

Lambar da ta kamata a nema ita ce yawan litar iskar da yake turawa a minti ɗaya. Lissafin ba shi da wuya. Don tayar lita 30 ta tashi daga sifili zuwa bar 2.2, ana buƙatar a cusa mata iska kusan lita 66. Famfon da aka rubuta wa lita 35 a minti, a takarda minti biyu ke nan, amma wannan adadi ana auna shi ne lokacin da babu matsi a gabansa. Da taya ta fara cika sai ƙarfinsa ya ragu, saboda haka a zahiri minti huɗu zuwa biyar ne. Mai lita 15 kuwa zai haura minti goma. Ga ƙaramar mota, lita 30 zuwa 35 ya wadatar. Ga manyan motoci, a nemi 60 ko fiye. Kwalin da bai ambaci wannan lamba ba kwata-kwata, ya riga ya ba da amsa.

Sai batun wuta. Soket ɗin cikin mota bolt 12 yake bayarwa, kuma fis ɗinsa yawanci amp 10 ne ko 15, wato wat 120 zuwa 180. Famfon da yake jan abin da ya fi haka zai ƙona fis, a wayi gari ba famfo ba cajin waya. Mafi muni shi ne a sami mai gyaran wuta ya musanya fis ɗin da babba ko ya naɗa masa waya, domin daga nan wayoyin motar ne za su ɗauki zafin. Duk famfon da ya wuce amp 15, wurinsa kan batir ne. Ana kuma barin injin mota yana aiki lokacin ba da iska don kada batir ya sauka, amma ba a cikin rufaffen gareji ba, saboda hayaƙin salansa yana kisa ba tare da an ji warinsa ba.

Matse iska yana haifar da zafi, shi ya sa kowane famfo yake da iyakar lokacin da zai yi yana aiki ba hutu. Ga ƙanana, minti goma ne zuwa sha biyar, sannan a bar shi ya huce. Mai silindar ƙarfe ya fi mai ta roba jurewa, kuma nauyinsa a hannu yana nunawa. Araha ba ta ado, in ji Hausawa, a nan ma wanda ya fi sauƙi a hannu shi ne yawanci yake narkewa a taya ta uku. Mai na'urar da ke kashe shi da kanta idan ya yi zafi ya cancanci ƙarin kuɗin da ake ɗora masa.

Geji ma abin lura ne. Mai allura da aka zana daga sifili zuwa 300, tazarar 30 da 35 a jikinsa ba ta kai faɗin ƙwayar shinkafa ba, balle famfon yana karkarwa. Mai nuna lamba a allo, wanda ake saita masa adadi ya tsaya da kansa idan ya kai, ya fi sauƙi, musamman da daddare. Duk da haka, yana da kyau a sayi ƙaramin geji na dabam a ajiye a aljihun gaban mota, a riƙa gwada su biyun. Kuskuren PSI ɗaya ba komai ba ne, amma idan ya kai huɗu ko biyar, ɗayansu ƙarya yake yi.

Akwai ƙananan abubuwa da ba a tunawa sai an shiga matsala. Wayar wutar ta kai aƙalla mita uku, in ba haka ba ba za ta isa tayar baya ba. Bakin tiyo mai murɗawa, na tagulla, ya fi na roba mai maƙalawa daɗewa, ko da yake yana zubar da 'yar iska wajen kwancewa. Fitila a jiki ba ado ba ce ga wanda taya ta taɓa sace masa bayan magariba tsakanin Gwagwalada da Abaji, inda ba wanda ke son ya daɗe a tsaye.

Keke da nasa sha'anin

A 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma hawa keke, har ya riƙa hawa da kansa a titunan Abuja, inda wata bas ta taɓa ture shi. An yi masa dariya a wancan lokaci. Yau ga masu keken motsa jiki suna cika titunan Maitama da kewayen tafkin Jabi a safiyar Asabar, ga kuma gidaje da dama da kekunan yara biyu ko uku jingine a bango, rabinsu ba iska.

Famfo ɗaya zai iya yi wa mota da keke, amma sai an duba bawul. Iri uku ne. Akwai mai kauri irin na mota da babur, wanda ake kira Schrader, shi ne a yawancin kekunan yara da na hawan tudu. Akwai siriri mai ɗan noti a kai, Presta, na kekunan tsere, wanda sai an kwance notin kafin iska ta shiga. Akwai kuma Dunlop, na tsofaffin kekuna irin su Raleigh da Phoenix. Bakin famfon mota na farkon kawai yake kamawa, sauran biyun sai da ɗan mahaɗi na tagulla. Wasu kamfanoni suna sa shi a kwali tare da allurar hura ƙwallo, wasu ba sa sawa, saboda haka a buɗe a gani.

Saɓanin mota, a keke lambar jikin taya ake bi. Keken hawan tudu yana wajen PSI 30 zuwa 50, na tsere kuma daga 80 har 120, kuma a nan ne kaɗai famfon da ke kai wa 150 yake da rana. Haɗarin shi ne cikin tayar keke ƙarami ne ƙwarai. Babban famfo mai silinda biyu zai iya fasa robar cikin keken yaro kafin a kai hannu a kashe shi. Gidan da keke ya fi yawa, mai tsayawa da kansa ko ma famfon hannu na tsaye mai geji ya fi musu.

A wurin saye, da bayan saye

Kasuwar kayan mota cike take da jabu, har da masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni. Hanya mafi sauƙi ita ce a je da mota. A sauke iskar taya ɗaya zuwa PSI 20, a jona famfon, a duba agogo. Nagari zai mayar da tayar ƙaramar mota zuwa 32 cikin minti biyu ko uku. A taɓa filogin, in ya yi zafin da ba a iya riƙewa, wayar siririya ce. Mai shagon da ya ƙi yarda a gwada, a bar masa kayansa. A karɓi rasit mai ɗauke da sunan shago da wa'adin garanti, domin idan rigima ta kai gaban Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC, shaidar saye za a fara nema. Mai saye ta intanet ya gwada kayan ranar da suka iso, kafin kwanakin mayarwa su ƙare.

Ya kamata kuma a san iyakar abin. Idan ƙusa ce ta shiga tafin taya iska tana fita a hankali, famfo zai tashe ta a kai ga mai faci, kuma kada a zare ƙusar a hanya, ita ce take toshe ramin. Idan gefen taya ne ya yage, ko ya yi ƙullutu bayan faɗawa rami, ko bakinta ya rabu da rim, babu ƙaramin famfon da zai yi magani. Haka nan ba ya mayar da tsohuwar taya sabuwa. A jikin kowace taya, a ƙarshen layin da ya fara da DOT, akwai lambobi huɗu: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Wadda aka rubuta wa 2319 an ƙera ta ne a mako na 23 na 2019. Tayoyin gwanjo suna cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su, amma duk wanda ya zaga kasuwa ya san suna nan jibge, wasu an goge su sun yi ƙyalli.

Famfon bai kuma ɗauke wa mai mota safaya ba. Jami'an FRSC safaya, da alamar gargaɗi mai kusurwa uku, da tukunyar kashe gobara suke tambaya a shinge, ba famfo ba. Ita kanta safayar ce tayar da aka fi mantawa da ita, tana kwance a ƙarƙashin but shekara da shekaru tana sacewa a hankali. Siririyar nan ta wucin-gadi da ke zuwa da motocin Amurka da Japan, PSI 60 take buƙata, ba 32 ba, kuma ba a wuce gudun kilomita 80 a awa da ita. Duk ranar da aka fito da famfo don duba tayoyi huɗu, sau ɗaya a wata da kuma jajibirin kowace doguwar tafiya, sai a ɗaga shimfiɗar but a duba ta biyar ɗin.